Tsohuwar Kwamfutarka Ta Isa Ta Watsa Darasi Kai-Tsaye

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro kamar yadda ya saba, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, shi ma mai ƙarewa ne. Wanda ke son komawa Windows 11 kuwa an gindaya masa sharuɗɗa: kwamfutarsa ta kasance da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, in kuma ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, to ta zama daga zubi na takwas zuwa sama. Duk wanda ya san irin kwamfutocin gwanjon da suka cika shagunan titin Beirut a Kano ya san inda maganar ta dosa. HP EliteBook 840 G3, ThinkPad T460, Dell Latitude E7470, dukkansu 'yan zubi na shida ne. Irinsu ne a hannun malaman makaranta, da ɗaliban jami'a, da sakatarorin kwamitin masallaci. Lafiyarsu ƙalau, amma a takarda an yi musu ritaya.

Ni ban yarda da wannan ritayar ba. Ra'ayina shi ne waɗannan na'urori suna da babban aiki guda da ke jiransu, wato watsa darasi kai-tsaye daga fuskar kwamfuta zuwa wayoyin jama'a da harshen Hausa, kuma hanya mafi dacewa ta yin wannan aiki ita ce a ɗora musu Linux da manhajar OBS Studio. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma satar kayan kowa.

Sana'ata koyar da aikin kwamfuta ce a wata ƙaramar cibiya, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a 'yan shekarun nan shi ne yadda muke watsa karatu. Malami mai ilimi zai zauna zai koyar da lissafin kasuwanci ko tsara takarda, sai a sa yaro ya riƙe waya yana haska fuskar kwamfutar. Hannun yaron na rawa, hasken taga na faɗowa kan gilashin, wasu layuka na ta kaɗawa a hoton, rubutu ya zama kamar tururuwa. Ƙasan bidiyon kuwa kalma ɗaya masu kallo ke ta maimaitawa: «Malam, ba ma gani.» Haka ake yi a wasu majalisun karatun littafi. Ana karanta matani, ana fassara, amma mai kallo a Maraɗi ko Kumasi fuskar malam kawai yake gani, bai san layin da ake kai ba, bai ga wasalin da ake gardama a kansa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a nan kuwa ganin ne muka bari a baya.

Bukatar kuma ƙaruwa take yi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan ga masu zana ta ƙashin kansu a 2024. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su ɗora hannu kan linzamin kwamfuta. Yaron da ya taɓa kallon malami yana matsar da kibiya a fili, yana danna amsa, yana komawa tambayar baya, yana bayani da Hausa, ba zai shiga ɗakin nan jikinsa na ɓari kamar wanda bai taɓa gani ba.

Linux babbar manhaja ce, irin wadda kwamfuta ke tashi da ita, kishiyar Windows. Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, ya sake ta ga duniya a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar amfani da ita, da kwafa, da gyarawa, da rabawa. Daga nan aka samu zubi iri-iri. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, ita ce ta fi suna. Ga sabon shiga ni Linux Mint nake ba da shawara, domin tsarin fuskarta ya yi kusa da abin da ɗan Windows ya saba da shi, kuma ba ta da nauyi. Ana iya saka ta a filashi a tayar da kwamfuta da ita a gwada komai, sauti da kyamara da Wi-Fi, ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. A yi wannan gwajin kafin a goge komai. Wani abin da ke faranta mini rai shi ne a cikin jerin madannan da Linux ke zuwa da su akwai na Hausar Nijeriya, har da na Hausar Gana, don haka ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa da lanƙwasarsu a gaban ɗalibai ba tare da an nemo wata manhaja ba.

OBS Studio kuma ita ce mai ɗaukar hoton abin da ke fuskar kwamfuta, ta haɗa shi da murya da hoton kyamara, ta matse su, ta tura zuwa YouTube ko Facebook. An fara ta a 2012, kuma masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ne ke raya ta har yau. Masu watsa wasanni, coci-coci, jami'o'i da ƙananan gidajen talabijin duk suna aiki da ita.

Na san tambayar da za ta biyo baya, domin an sha yi mini ita: ai OBS tana aiki a Windows ma, to mene ne na sauya babbar manhaja? Gaskiya ne tana aiki. Wanda kwamfutarsa sabuwa ce, Windows ɗinsa kuma na halak ne, ya ci gaba da abinsa, ba ni da ja. Da sauran nake magana, kuma su ne suka fi yawa. Mu faɗa wa juna gaskiya, galibin kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanninmu da fasassun manhajoji ake cika su. Mai shago zai ce «na zuba maka komai da komai», cikin komai ɗin har da manhajar watsa bidiyo wadda kuɗinta na gaskiya ya kai ɗaruruwan daloli, an ɓalle mata kwaɗo. Fasasshiyar manhaja ita ce babbar ƙofar da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa ta cikinta, irin masu kwashe kalmomin sirri su ƙwace shafin Facebook ɗin da aka shekara ana tara masa mabiya. Ka haɗa wannan da babbar manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ka ga an bar gida a buɗe. Ban da haɗari ma akwai abin da ke damun zuciyata. Ba na jin daɗin ganin ana watsa tafsirin Alƙur'ani da kayan da mai shi bai yafe ba, alhali ga wanda masu shi suka rubuta a fili cewa kowa ya ɗauka. Hukuncin wannan na malamai ne, amma ni dai in an ba ni zaɓi tsakanin mai shubuha da marar shubuha, na san wanda zan ɗauka.

Yanzu ga yadda aikin yake a kusa. Bayan an ɗora Linux, ana samun OBS a cikin rumbun manhajojin da ke zuwa da ita. Zubin da ke rumbun Flathub shi ne wanda masu OBS da kansu ke kula da shi, shi na fi so. In ka buɗe ta za ka ga baƙin fili a tsakiya, a ƙasa kuma akwatuna. Na farko na fage ne, na biyu na abubuwan da za su shiga fagen. A cibiyarmu fage uku muke shiryawa: ɗaya fuskar kwamfuta zalla, ɗaya fuskar kwamfuta da ɗan hoton malam a kusurwar dama ta ƙasa, ɗaya kuma allo mai rubutun «Muna dawowa bayan sallah». Dannawa guda ke sauya su.

Wurin da sababbi suka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar fuskar kwamfutar kanta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Linux tana da tsari biyu na zana abin da ido ke gani. Tsohon shi ne X11, wanda ya samo asali tun shekarun 1980. Sabon shi ne Wayland. A tsohon tsari kowace manhaja na iya leƙa duk abin da ke fuskar kwamfuta ba tare da ta nemi izini ba, shi ya sa ɗaukar hoto ke da sauƙi, shi ya sa kuma tsaronsa ke da rauni. Wayland ya hana wannan leƙe. Sai mutum ya ɗora Ubuntu 22.04 ko 24.04, waɗanda ke tashi da Wayland a yawancin na'urori, ya bi wani tsohon bayani da ya gani, hoto ya fito baƙi ƙirin, ya ce Linux ba ta aiki. Tana aiki. Tun zubi na 27 da ya fito a 2021 OBS ta iya Wayland. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi hanyar ɗaukar hoto mai ɗauke da sunan PipeWire. Da ka zaɓe ta, wata 'yar taga za ta buɗe ta tambaye ka: duk fuskar kake son nunawa, ko taga guda? Sai abin da ka amince da shi OBS za ta gani. Linux Mint kuwa har yanzu da X11 take tashi, don haka wannan matsalar ba ta cika tasowa a can ba.

Ni wannan tambayar da Wayland ke yi rahama na ɗauke ta. Na taɓa kallon wani darasi kai-tsaye inda saƙon iyalin mai koyarwa ya faɗo a saman allo, ɗaruruwan mutane suna kallo, ba kuma saƙon da ya kamata bare ya gani ba ne. Abin da ya fita kai-tsaye ya fita. Don haka ƙa'idata ga duk wanda na koya wa ita ce ya nuna taga guda kawai, wadda darasin ke ciki, ya rufe WhatsApp da imel, ya kashe sanarwa kafin ya danna maɓallin farawa. Haka nan mabuɗin watsawa, wato dogon jerin haruffan da YouTube ko Facebook ke bayarwa a liƙa a cikin OBS. Duk wanda ya samu wannan jerin zai iya watsa abin da ya ga dama da sunanka. Kada a buɗe shafinsa ana tsakar watsawa, kada a tura shi a zauren WhatsApp na kwamiti. In an yi zargin ya fita, a sabunta shi nan take.

Sai batun data, wanda a wurinmu shi ne uwa uba, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Lissafin ba shi da wuya. In ka saita OBS tana tura kilobit 2,500 a kowace daƙiƙa, awa ɗaya za ta ci gigabait 1.1 da 'yan kai. Tafsirin awa ɗaya da rabi na kwana 30 ya haura gigabait 50 ke nan. Amma waɗannan alkaluma na masu watsa wasan bidiyo ne, inda komai ke motsi. Shafin littafi ba ya gudu. Jadawalin lissafi ba ya tsalle. In ka sa girman hoto a 1280 da 720, ka rage yawan hotuna daga 30 zuwa 15 a daƙiƙa, ka sauko da turawa zuwa kilobit 1,000, rubutu zai fito tar, awa ɗaya kuma ba za ta wuce kimanin rabin gigabait ba. Watan azumi gaba ɗaya ya dawo ƙasa da gigabait 25. Dabarar da ta fi duk wani saiti ita ce ka ƙara girman rubutun da kake nunawa, domin mai kallonka da waya yake kallo, wata ma gilashinta a fashe.

A kuma lura, ƙarfin sabis ɗin da ke da amfani a nan shi ne na turawa, ba na saukewa ba. Layi na iya buɗe bidiyo da gudu amma ya gaza tura naka. A gwada ƙarfin turawar a wurin da za a yi karatun, a kuma daidai lokacin da za a yi shi, domin sabis ɗin hantsi daban yake da na bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Kada abin da OBS ke turawa ya wuce kamar rabin abin da gwajin ya nuna. A cikin saitunanta na ciki akwai zaɓin da ke sa ta rage nauyin hoto da kanta idan layi ya cushe, maimakon ta yanke. A kunna shi. In da waya ake ba kwamfutar intanet, a haɗa su da igiyar USB, ya fi Wi-Fi tsayawa, wayar kuma tana caji.

Tsohuwar kwamfuta na iya yin zafi, fankarta na kuka, hoto na sarƙewa, idan aka bar babbar ƙwaƙwalwarta da aikin matse bidiyo ita kaɗai. Waɗannan na'urori na Intel suna da wani sashe na musamman da aka gina don wannan aiki, a Linux ana isa gare shi ta hanyar da ake kira VAAPI. Zaɓe shi a wurin saitin fitarwa, nauyin zai sauka sosai. Iyakar da zan ambata ita ce OBS na bukatar na'urar da ta iya fasahar zanen hoto ta OpenGL 3.3, saboda haka kwamfutocin da suka tsufa tukuf, irin na zamanin Core 2 Duo, yawancinsu ba za su ɗauke ta ba.

Game da sauti magana ɗaya ce: mutane na haƙuri da hoto mai hazo, ba sa haƙuri da muryar da ba ta fita. Makirfon jikin kwamfuta yana kwasar kukan fanka da na janareta. Ɗan ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga ya wadatar, a masallaci kuma a jawo sauti kai-tsaye daga na'urar lasifika. OBS na da matatar hayaniya mai suna RNNoise, tana rage gurnanin janareta ƙwarai. A saurara da abin kunne kafin a fara, ko da yaushe.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne ajiya. A Fabrairun 2025 kamfanin Meta ya sanar cewa bidiyon da aka watsa kai-tsaye a Facebook kwana 30 kawai zai riƙa yi kafin a goge shi, tsofaffin ma aka ba masu su wa'adi su sauke. Ka tuna yawan tafsirai, da laccoci, da karatun littattafai da aka watsa da Hausa a wannan dandali cikin shekarun da suka wuce, da yawansu da waya tsirara, babu kwafi a ko'ina. Wasu daga cikin malaman da suka yi karatun sun riga mu gidan gaskiya. Kamfani yana da ikon yin yadda ya so da rumbunsa, mu ne bai kamata mu mayar da rumbun wani ma'ajiyar iliminmu ba. A OBS, kusa da maɓallin watsawa akwai na naɗa. A danna duka biyun. Ko sabis ya yanke, naɗin na ci gaba, daga baya a ɗora cikakken darasin.

A naɗa kuma da tsarin MKV, kada a yi da MP4 na gargajiya. Dalilin ya shafe mu kai-tsaye. MP4 kamar littafi ne da sai an gama rubuta shi ake ɗinke shi a sa masa jadawalin shafuka, in wuta ta ɗauke batir ya mutu kafin a kai ƙarshe, duk abin da aka naɗa ba zai buɗu ba. MKV kuwa duk inda aka tsaya, abin da ya gabata yana nan. In an gama, OBS da kanta tana juya shi zuwa MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da hoton ya ragu ba. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, kuma batiran kwamfutocin gwanjo suka gaji, wannan saiti guda ya isa ya ceci karatun dare sukutum.

Akwai ƙa'idojin dandalin da ya kamata a sani tun da wuri, kada a tashi ranar ɗaya ga Ramadan a tarar da ƙofa a rufe. YouTube na bukatar a tabbatar da lambar waya, sannan a jira har awa 24 kafin a buɗe wa sabuwar tasha damar watsawa karon farko. Facebook kuma tun 2024 yana bukatar asusu ya kai kwana 60, shafi kuma ya samu mabiya 100.

Ba zan ce Linux ta dace da kowa ba. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop ba zai same su a can ba, kuma ba zan ce masa ya bar abin da ke ciyar da iyalinsa ba. Wasu firintoci na ba da wahala, wasu na'urorin Wi-Fi sai an nemo musu manhajar da ke sarrafa su. A Wayland maɓallan gajeriyar hanya na OBS ba su cika amsawa ba idan wata taga ce a gaba. Rubutun jikin manhajar ma ba da Hausa yake zuwa mana ba, ko da yake masu sa kai ne ke fassara ta zuwa harsuna, ƙofar kuma a buɗe take ga ɗaliban sashen Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Abdou Moumouni ta Yamai. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne: kwamfuta guda a makaranta ko masallaci ko cibiya, wadda aka keɓe wa watsa karatu da naɗarsa, ba a shiga banki da ita, ba a zuba mata fasassun kaya.

Babban cikas ɗin da nake gani na masu gyara ne. Mutum ba ya ɗora abin da in ya lalace ba wanda zai duba masa a unguwa. Matasan da ke zaune a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, da takwarorinsu na Kaduna, Sakkwato da Damagaram, su ne ke yanke wa jama'a abin da zai hau kwamfutarsu, ba malaman jami'a ba. In goma daga cikinsu a kowace kasuwa suka iya ɗora Linux Mint, suka iya saita OBS yadda na zayyana, sana'a ce sabuwa a hannunsu, domin kowane kwamitin masallaci da kowace makarantar share fagen JAMB abokin ciniki ne. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, da hukumar NITDA da ke tafiyar da shi tare da ma'aikatar sadarwa, suna da ajujuwa da malamai a jihohinmu. Wannan darasin mako guda ya ishe shi, kayan aikinsa kuma filashi ne mai gigabait 8 da kwamfutar da ɗalibin ya riga ya zo da ita.